Curin Kwakwa a Turmin Hajiya

"Baba, wannan kuma sabulun wace ƙasa ne?"

Hansatu ce da wannan tambayar, tun mahaifinta bai gama jingine kekensa a tsakar gida ba. Ta riga ta zura hannu a jakarsa ta zaro wani farin curi mai tauri, nannaɗe a takardar jarida, tana juya shi tana shinshinawa.

Malam Gwadabe ya yi dariya. "To je ki yi wanka da shi mana, ki dawo ki ba mu labari."

Inna daga bakin murhu ta ce, "Ai kai ka ɓata ta, Malam. Yarinya an sa mata rana, amma har yau tone-tone kamar kaza!"

Malam Gwadabe kuku ne a gidan wani Ba'indiye, manajan wata masaƙa a Bompai. Kullum daga Hotoro yake taka kekensa ya je, kuma duk abin da ya dawo da shi sai Hansatu ta san asalinsa. Allah ya yi yarinyar nan da son jin ƙwaƙwaf. Ba gulma ba fa, a'a, ita dai abu ne in ta gani sai ta san yadda aka yi shi, ko da za ta kwana da yunwa.

Ya zauna a tabarma ya ce, "Madam, matar manaja, ita ta yanko mini. Kirim ɗin kwakwa suke ce masa. A kwali ake kawo mata daga waje, tana sakawa a miya da shinkafa."

"Kwakwa? Wadda muke ci da dabino? To ya aka yi ta daskare haka?"

"Ni dafawa aka ɗauke ni, ba ƙerawa ba."

Ba ta jira ba. Ta kankari kaɗan da wuƙa ta jefa a ruwan zafi, sai ga shi ya narke, ruwan ya koma fari fat kamar an tatso madara. Ta ƙwala ihu har Inna ta saki muciya. Washegari da shi ta dafa shinkafa, ƙamshi ya cika gidan har zaure, Inna da ke ta mita ita ce ta fara neman ƙari.

Da yamma Muntari, wanda zai aure ta, ya zo zance. Fita ne a wani kamfanin kwanuka a Sharaɗa, wato mai gyaran inji. Ranar da ya fara tare Hansatu a wani gidan biki, maimakon ta sunkuyar da kai ta yi shiru, sai ta tambaye shi yadda ake zana fulawa a jikin kwano ruwa bai wanke ta ba. Tun daga ranar ya san ya kamu.

Ta miƙo masa ɗan kwano. Ya kai loma, ya tsaya, ya sake kai wata.

"Kai! Hansatu, wannan ai sai gidan manaja. Me kika sa?"

"Sai ka biya kuɗin makaranta tukuna."

"Obataim zan yi in biya, wallahi. Don Allah wannan za ki aika wa Hajiya da Sallah."

To, ka ji inda tsautsayin ya faro. Babbar Sallah ta zo a cikin sanyi a shekarar, kuma al'ada ce yarinyar da aka sa wa rana ta aika da abincin Sallah gidan surukanta. Inna ta ce a yi tuwon shinkafa da miyar taushe kamar kowa. Hansatu ta nace, ta yi shinkafarta ta kwakwa, ta jera soyayyen nama a kai, aka kai Ɗorayi.

Hajiya Safiyatu, mahaifiyar Muntari, ta ci har ta siɗe hannu. Mace ce mai kirki, amma fa mai saurin hawa, ga tsantseni a kan halal da haram, don mijinta Malam Isyaku malami ne mai karantarwa a zaure. Ta kira babbar 'yarta Atika ta ce, "Mayar musu da kwanukan da tukuici, ki kuma tambayo mini yarinyar nan me ta zuba a ciki."

Atika ta je Hotoro, aka yi mata shimfiɗa, aka gaisa. Da ta yi tambayar, Hansatu cikin murna ta ruga ta ɗauko sauran curin.

"Ga shi, Yaya Atika. Kwakwa ce wai."

Atika ta karɓa, ta murza da yatsa, maiƙo ya fito. Fara'arta ta ɗauke.

"Daga ina?"

"Daga gidan da Baba ke aiki."

"Daga kicin ɗin waɗanda ba sa sallah?"

Atika ta ja mayafi ta yi sallama. Tana shiga gida a Ɗorayi ta fara salati tun daga zaure.

"Hajiya, mun shiga uku! Kitse ne! Na gan shi da idona, fari, daskararre. Maigidana ya taɓa gaya mini da irin wannan farin kitsen na alade Turawa ke girki."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni Safiyatu, da tsufana, bayan na je Makka na dawo?" Ta ɗauki buta ta yi ta kuskure baki, ta sa aka wanke duk kwanon da abincin ya taɓa da ƙasa da toka. Kafin la'asar maƙwabta sun ji, don Hajiya in ranta ya ɓaci ba ta iya magana a hankali.

Muntari ya dawo daga yawon Sallah ya tarar da gida a hargitse. Ya durƙusa a gabanta.

"Hajiya, ƙamshin kwakwa fa yake yi, ku ma kun ji."

Atika ta cafe. "Ƙamshi? Maigidana a kamfanin alewa yake. Alewar ayaba suke yi kullum, ka tambaye shi ko ayaba ta taɓa shiga ƙofar kamfanin. Fileba ce a kwalba, ɗigo ɗaya! Kwakwa muka sani tun muna yara, wa ya taɓa ganin ta daskare kamar kitsen rago?"

Maganar gaskiya, wannan hujjar ta yi nauyi. Hajiya ta nuna Muntari da yatsa.

"Auta, gobe a je a karɓo kayanmu na sa rana. Gidan da ba a san abin da ke shiga tukunyarsu ba, ba zan haɗa jini da su ba. Kuma ƙafarka kada ta sake taka gidan!"

Malam Isyaku ya shigo da carbi a hannu, ya saurari kowa. Sannan ya ce, "Hajiya, kin ga aladen ne, ko an ce?"

"Malam, ku da kuke karantar da mutane, ku ne za ku sassauta?"

"Ban ce halal ne ba, ban ce haram ne ba. Cewa na yi ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A bar kayan nan zuwa ƙarshen wata. In ba a samu bayani ba, ni da kaina zan aika a karɓo."

Malam Gwadabe da ya ji labari bai zauna ba. Ya roƙi Madam kwalin abin, ya taka keke har Ɗorayi, ya nuna musu hoton kwakwa ɓaro-ɓaro a jiki. Ya rantse cewa matar nan ko ƙwai ba ta ci, balle nama. Atika ta leƙo ta ce ai takardar alewar ma hoton ayaba ne a jiki. Hajiya kuma daga ɗaki ta ce, "Ita Madam ɗin ce ta haɗa shi da hannunta? Ba a kamfani aka yi ba?" Bawan Allah ya naɗe kwalinsa ya koma gida jiki a sanyaye.

Magana kuwa zarar bunu ce. Ta tashi daga Ɗorayi ta ratsa gari ta sauka a Hotoro. Inna ta aika wa maƙwabta abinci kamar yadda ta saba, aka dawo mata da kwano ko buɗewa ba a yi ba. Ranar Hansatu ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Tana son Muntari, so na gaske, ga shi da hannunta ta jawo abin da zai raba su, ta kuma shafa wa iyayenta baƙin fenti.

Inna ta zauna kusa da ita. "Ki yi haƙuri. In mijinki ne, ba mai hana ki."

Hansatu ta share hawaye, ta ɗauko guntun curin ta ƙura masa ido. Can ta ce, "Inna, in dai kwakwa ce, ai mutum ne ya mayar da ita haka. Ba daga sama ta faɗo ba."

"To?"

"Abin da mutum ya yi, mutum zai iya sakewa."

"Oh ni 'yasu! Ana kukan targaɗe, ke kina shirin wasa da turmi."

Amma ta ba ta turmin. Hansatu ta sayo kwakwa, ta huhhuda gwangwanin madara da ƙusa ta goge ta, ta daka ɗanya, ta zuba a kwano ta rufe. Da safe ta tarar da wani abu tsululu mai tsami, ko kaji sun ƙi shi. Ta sake sayowa. Wannan karon ta tace ruwan ta ɗora a wuta, ya yi ta tafasa har ya rabu, mai a sama, wani jan gutsi-gutsi a ƙasa. Mai ta samu, amma ba curi ba. Gwangwanin kuwa ya yayyanke mata yatsu, duk ta ɗaure su da tsumma.

Shi kuma Muntari ya rame, abinci ma sai Hajiya ta yi faɗa yake ci. Wata safiya ya durƙusa ya ce, "Hajiya, kun hana ni zuwa gidansu, kuma ba zan je ba. Amma ina neman izini in gai da mahaifinta a wurin aikinsa. Ba na so in yi a ɓoye."

Hajiya ta kau da kai. "Ban hana ka gai da babba ba."

Ya tari Malam Gwadabe a bakin get a Bompai lokacin tashi. A nan ya ji labarin turmi da yankakkun yatsu. Sai idonsa ya kawo ruwa. Ya koma Sharaɗa ya roƙi foman guntun farantin ƙarfe da aka yar, ya zauna lokacin hutu ya huda shi layi-layi, ya lanƙwashe bakin don kada ya yanki hannu, ya sa masa mariƙi na katako, ya zama magogi. Ya haɗa da buhun kwakwa daga Sabon Gari ya kai wa Malam Gwadabe.

"Baba, ku ce mata sori. Ku ce mata ni ban yi zato ba, ko sau ɗaya."

Da saƙon ya iso, Hansatu ta rungume magogin ta yi kuka, ta yi dariya, sannan ta ɗaura zani ta koma aiki.

Inna ce ta buɗe mata hanya ba tare da ta sani ba. Tana tsince gyaɗar ƙuli-ƙuli, ta dubi 'yarta tana fama ta ce, "Ni dai a gyaɗa, ɗanya ba ta ba da mai. Sai ruwan jikinta ya fita."

Hansatu ta tsaya cak da taɓarya a hannu. "Inna! Sake faɗa!"

Ta soya gogaggiyar kwakwar a kasko kamar gyaɗa, ta daka. Ta yi laushi, ta yi maiƙo, da safe kuma ta daskare! Sai dai ja ce, ga ƙaurin wuta. An kusa, amma wa zai yarda ja da fari abu ɗaya ne? Sai ta bar wuta ta koma wa rana. Ta fere jan bayan kwakwar tas, ta goge, ta baza a faifai ta rufe da yankin mayafi, ta shanya har ta bushe ƙayau. Ta daka, ta daka, hannu ya yi kanta, garin ya fara damƙewa, ya fara sheƙi, can sai ya saki jiki ya zama kamar kunu mai kauri. Ta ƙarasa shi a dutsen niƙa, ta juye a kwano ta ajiye a gindin randa.

Da asuba ta taɓa. Tauri! Ta kifa kwanon, curi ya faɗo a hannunta, fari, mai maiƙo, ba ka bambanta shi da na Madam.

Malam Gwadabe ya yi hamdala ya fara neman hularsa. "Kawo in kai musu yanzu!"

"A'a, Baba. In kuka kai wannan, Yaya Atika za ta ce na Madam muka narka muka sake zubawa. Kuma ba ta yi laifi ba in ta faɗa, don ba ta gani ba."

"To me za a yi?"

"Kwakwa za a kai musu, ba a fasa ba. Su fasa da hannunsu, su daka a turminsu."

Inna ta yafa mayafi ta ɗauki kwakwa da magogi ta tafi Ɗorayi. Hajiya ta amsa gaisuwa a daƙile. Inna ta haɗiye, ta yi bayanin yadda ake yi daki-daki, ta ajiye kayan ta taso. Hajiya ta ture su bayan ƙofa ta ce ita ba yarinya ba ce da za a sa ta wasan ƙasa.

Sai dai fa abin yana cin ta. Ta wuce ta harari kwakwar, ta dawo ta harare ta. Shi kuwa Malam Isyaku, kullum in ya shigo sai ya tsaya a kansu ya ce, "Ikon Allah! Wai wannan ce za ta zama kamar kitse? Ni kam ina so in gani kafin in mutu." Ranar da wata ya kusa ƙarewa, sai ga Malam ya naɗe hannun riga ya ɗauko dutse zai fasa.

Hajiya ta yi wuf ta karɓe. "Haba Malam! Ɗalibai su shigo su gan ku kuna aikin mata? Kawo nan. Zan yi ne kawai don a daina damuna."

Ta fasa, ta fere, ta goge, ta shanya, ba ta bar kowa ya taɓa ba. Da ta bushe ta aika aka kira Atika, suka sa taɓarya biyu. Atika tana daka tana mita. "Gari ne fa kawai, Hajiya, ga shi nan kamar tsaki." Can mitar ta tsaya. Garin ya fara kama taɓarya, maiƙo ya fara naso a jikin turmi. Suka dubi juna. Hajiya da kanta ta juye a kwanonta ta kai ɗakinta ta rufe.

Da gari ya waye, bayan ta idar da salla, ta jawo kwanon ta buɗe. Ta danna da yatsa, yatsa bai shiga ba. Ta kifa shi a faifai, ga farin curi ya fito da siffar kwanonta. Ta murza, maiƙon nan dai da Atika ta kira kitse.

Sai Hajiya ta fashe da kuka. "Wayyo ni Safiyatu! Na ci naman bayin Allah! Na yi wa yarinya ƙazafi, ita kuwa ko ɗaga murya ba ta yi mini ba."

Atika ta sunkuyar da kai tana hawaye. Malam Isyaku ya karɓi curin yana juyawa yana murmushi, ya gutsuri kaɗan ya sa a baki, ya ce, "Allahu Akbar. Kwakwa ce."

Ko karyawa Hajiya ba ta yi ba. Ta ɗauki curin, ta tasa Atika a gaba, suka hau mota sai Hotoro. Hansatu na jin sallamarsu ta ruga ɗaki ta ɓuya don kunya. Hajiya ta durƙusa a gaban Malam Gwadabe da Inna, duk girmanta, ta ce su yafe mata don Allah. Inna ta kama ta ta tayar, suna kuka su biyu. Sannan Hajiya ta shiga ɗakin, ta kamo hannun Hansatu, ta ga yankan gwangwani da kantar taɓarya.

"'Yata, duk ni na jawo miki wannan?"

Hansatu ta rufe fuska da mayafi. "Ba komai, Hajiya. Ku ma tsoron Allah ne ya sa ku."

"Tsoron Allah bai ce in yi shela da abin da ban sani ba. Rana tana nan yadda aka sa ta, ko kwana ɗaya ba za a ɗaga ba."

Inna ta shimfiɗa tabarma ta ce su zauna su sha ruwa. Hajiya ta ce a'a, da sauran aiki. Ta ɗauki faifan da curin a kai ta ce, "Ku nuna mini gidajen da suka dawo muku da kwano. Bakina ne ya watsa maganar nan, ƙafata ce za ta bi ta kwashe." Haka ta bi layin gida-gida, Atika na biye, tana nuna curin tana cewa ita ta daka shi da hannunta, kuma ita ce ta yi kuskure. Da ta gama Hotoro ta koma ta yi na Ɗorayi.

Muntari yana bakin inji a Sharaɗa labari ya same shi. Abokan aikinsa sun ce sujada ya yi a nan ƙasan kamfanin, da baƙin mai a hannunsa da komai. Aka ɗaura aure a ranar da aka sa, kuma har Hajiya ta tsufa ba ta da 'yar da ta kai mata Hansatu.

To 'yan'uwa, ku duba ku gani. Da Hansatu ta tsaya cacar baki, da Muntari ya yi wa mahaifiyarsa tsaurin ido, da gaskiyarsu ba ta amfane su da komai ba. Haƙuri suka yi, suka haɗa da biyayya da neman sani, Allah ya wanke su. Ku kuma masu saurin yanke hukunci, kafin ku kira abu haram, kafin ku ɓata sunan wani gida, ku tsaya ku bincika. Ba kowa ne zai iya abin da Hajiya ta yi ba, ya bi gida-gida yana kwashe maganarsa.